Kumburin ya sace, maigidana ya ce ba zai koma karɓar kimo ba

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 28, shekara biyu da aurenmu, Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna. Watannin baya wani kumburi ya fito wa maigidana a wuya, ba ya masa zafi, sai gumi da dare da rama. Aka yanki tsoka kaɗan aka gwada, likita ya ce ciwon dajin kaluluwa ne, wanda suke kira limfoma, kuma irin mai saurin yaɗuwa. Aka ɗora shi a kan kimo, wato magungunan kashe ƙwayoyin ciwon daji, haɗin da ake ce wa R-CHOP, zagaye shida, duk bayan mako uku. Ya karɓi uku, kumburin ya sace tas. Sai ya karanta a waya cewa ɗaya daga cikin magungunan, saiklofosfamaid, dangin gubar yaƙi ne, yana kashe haihuwa, kuma yana iya jawo wani ciwon dajin. Tun ranar ya ce shi ya gama. Ya ce ba zai hana ni ganin ɗana ba saboda ciwon da ya riga ya warke. Mama, mahaifiyarsa, ta goyi bayansa, don tunda ta ga gashinsa ya zube take cewa maganin ne zai kashe mata ɗa. Ya hana ni faɗa wa likita, ga shi saura mako ɗaya zagaye na huɗu. In je in faɗa a ɓoye? Ko kuwa son kai nake yi da na nace sai ya koma?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba maigidanki lafiya, ke kuma ya ƙara miki juriya. Tambayarki ta ƙarshe zan fara amsawa, don na ga ita ce ta fi ci miki rai: ba son kai kike yi ba. Matar da take son mijinta ya rayu ba ta da laifin da za ta nemi gafara a kansa. Shi ma kada ki ɗauka taurin kai ne kawai yake damunsa. Ya sha wahala, ya tsorata, kuma ya fi masa sauƙi ya ce "saboda ke nake yi" da ya ce "na gaji, ina jin tsoro." Na yarda yana sonki, kuma maganar haihuwar tana damunsa da gaske. Amma ba zan ɓoye miki ba: barin maganin nan a tsakiya shi ne mafi hatsari ga ransa, kuma shi ne mafi hatsari ga haihuwar da yake ƙoƙarin karewa. Wannan na biyun shi ne abin da bai gani ba, shi ne kuma nake so ki riƙe.

Abin da ya karanta ba ƙarya ba ne, kuma kada ki ce masa ƙarya ne, don idan ya sake dubawa ya ga haka yake, ba zai ƙara sauraronki ba. Gaskiya ne wannan rukunin magunguna ya samo asali daga binciken da aka yi kan gubar da aka yi yaƙi da ita. Likitoci sun lura tana rusa fararen ƙwayoyin jini da kaluluwa, sai suka yi tunanin ko za a iya juya ta kan ciwon da ke sa waɗannan ƙwayoyin yawaita ba ƙa'ida. A 1942, a jami'ar Yale da ke Amurka, aikin Louis Goodman da Alfred Gilman ya kai ga bai wa wani mai limfoma irin wannan sinadari, ƙarin da ke jikinsa ya ragu sosai na ɗan lokaci. Daga nan aka shiga neman wanda zai fi sauƙi ga jiki. Saiklofosfamaid ya fito ne daga Jamus, daga aikin Norbert Brock da abokan aikinsa, aka amince da shi a Amurka a 1959. Hikimar da aka yi a cikinsa ita ce, yadda ake ɗura shi a jijiya ba ya aiki, sai ya isa hanta ta sarrafa shi tukuna ya zama magani. Fiye da shekara 60 ke nan ana amfani da shi kan limfoma, da ciwon dajin jini, da na mama, da wasu, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Likitoci sun san amfaninsa, sun san illarsa, sun san yadda ake auna shi daidai da tsawo da nauyin mutum.

Aikinsa shi ne ya ɗaure zaren gado da ke cikin ƙwayar halitta, ta kasa rabuwa biyu, ta mutu. Ƙwayoyin ciwon daji suna rabuwa da sauri, shi ya sa ya fi kama su. Sai dai akwai lafiyayyun ƙwayoyi da su ma suke rabuwa da sauri: na tushen gashi, na ɓargo, na fatar cikin baki da hanji, da masu samar da maniyyi. Gashin da kike tsinta a kan matashin kai da safe, da gyambon baki, da kasalar da ke kwantar da shi, duk daga nan suke. Yawancinsu suna wucewa bayan an gama, gashi kuma yana fara tohowa cikin 'yan makonni zuwa watanni.

Yanzu maganar "na warke." Sacewar kumburi albishir ne babba, alama ce cewa ciwon yana jin maganin, amma ba ita ce warkewa ba. Ƙarin da bai wuce santimita ɗaya ba yana iya ɗauke da ƙwayoyi kusan biliyan ɗaya, don haka kumburi yana iya ɓacewa daga hannu da ido alhali miliyoyin ƙwayoyi suna nan a jiki. Kowane zagaye wani kaso yake kashewa, a bar jiki ya huta mako uku ɓargo ya farfaɗo, a sake kawo wani kafin ciwon ya farfaɗo shi ma. Kamar wuta ce da harshenta ya mutu amma garwashi na nan ƙarƙashin toka. Irin limfomar da aka fi ba wa R-CHOP tana cikin ciwukan dajin da ake warkewa daga gare su baki ɗaya, kuma fiye da rabin waɗanda suka kammala maganin ba ta dawo musu. Wannan damar ce ke hannun maigidanki yanzu, kuma a karon farko ta fi girma.

Ga inda nake so ki tsaya ki fahimta sosai, don shi ne zai iya juya tunaninsa. Idan ya bari yanzu ciwon ya dawo, ba za a ce masa ya ci gaba daga inda ya tsaya ba. Ƙwayoyin da suka tsira galibi su ne masu taurin kai. Abin da aka saba yi wa matashi irinsa idan limfoma ta dawo shi ne a ba shi wasu magungunan da suka fi waɗannan ƙarfi, sau da yawa har a kai ga kimo mai yawan gaske da dashen ƙwayoyin ɓargo. Wannan kuwa shi ne maganin da ya fi kowane lalata haihuwa, sau da dama har abada. Illar saiklofosfamaid ga maniyyi tana tafiya ne da jimillar abin da mutum ya sha a rayuwarsa, kuma abin da ake bayarwa a zagaye shida na R-CHOP yana ƙasa sosai da wancan. Maza da yawa da suka gama irin wannan haɗin maniyyinsu yana raguwa ko ya ɗauke na wani lokaci, sannan ya dawo bayan shekara ɗaya, biyu ko fiye. Ba kowa ba, kuma ba wanda zai yi muku alkawari. Amma idan aka auna, kammala shidan nan ya fi bar masa ƙofar haihuwa a buɗe fiye da tsayawa a uku da jiran abin da zai biyo baya.

Wani abu kuma: ko da ya tsaya yau, ba yau za ku nemi ciki ba. Maniyyin da aka samar a lokacin kimo yana iya ɗauke da lahani, shi ya sa ake umartar ma'aurata su hana ɗaukar ciki a tsawon maganin da watanni bayansa. Likitansa zai faɗa muku tsawon lokacin, ku kuma riƙa amfani da kwaroron roba, musamman a kwanakin farko bayan kowane zagaye. Adana maniyyi a daskare kafin a fara magani ake yinsa. Idan an yi masa, to kun riga kun samu madogara. Idan ba a yi ba, kada ki bari ya zama abin zargin juna ko zargin kai. Lokacin da aka ce wa mutum yana da ciwon daji mai saurin yaɗuwa, hankalin kowa kan fara magani yake. Abin da ya rage shi ne a tambayi likita yaushe za a gwada maniyyinsa bayan an gama, a kuma nemi a haɗa ku da likitan haihuwa. Ko ƙwayoyin sun yi ƙaranci, akwai hanyoyin taimakon haihuwa da ke aiki da ɗan kaɗan.

Batun jawo wani ciwon dajin shi ma gaskiya ne. Saiklofosfamaid yana ɗan ƙara yiwuwar ciwon dajin mafitsara da wani nau'in na jini shekaru bayan an sha shi, musamman ga waɗanda suka sha da yawa ko suka daɗe a kansa. Sai dai wannan abu ne da ke samun mutane ƙalilan, nan gaba, kuma ana sa ido a kansa. Limfomar da ke jikinsa kuwa tana nan yau, kuma irinta idan aka bar ta ba magani cikin watanni take kai mutum ƙasa. Ba daidai ba ne a ajiye su a ma'auni ɗaya.

To, ki je wurin likita a ɓoye? Shawarata ita ce kada ki yi a ɓoye, kuma kada ki yi shiru. Maigidanki babba ne, jikinsa ne, kuma yana da haƙƙin ƙin magani. Ba ke ba, ba likita ba, ba mai ɗaure shi ya ɗura masa. Idan ya gano kin zagaya ta bayansa, zai ji an mai da shi yaro a lokacin da ciwo ya riga ya ƙwace masa iko da abubuwa da yawa, kuma za ki rasa amincewar da kike buƙata a watannin da ke tafe. Amma alkawarin yin shiru kan abin da zai iya cin ransa ba alkawari ba ne da ya hau kanki. Ki faɗa masa a gaban idonsa cewa ba za ki iya riƙe wannan ke kaɗai ba, za ki kira asibiti, kuma kin fi so ku kira tare. Ko bai yarda ba, kin dai gaya masa. Likita zai iya sauraron abin da kika kawo ko da ba zai buɗe miki sirrin majinyacinsa ba.

Ki zaɓi lokacin maganar. A cikin haɗin nan akwai firednisolon da yake sha kwana biyar a farkon kowane zagaye, kuma yana hana barci, yana sa saurin fushi, bayan an daina shi kuma wasu sukan ji ransu ya yi baƙi. Mutumin da ke zaune ƙarfe biyun dare, kowa na barci, hasken waya a fuskarsa yana karanta illolin magani ɗaya bayan ɗaya, ba a yanayin yanke babban hukunci yake ba. Ki bari sai ranar da ya ɗan ji ƙarfi, ya ci abinci, ba kowa a ɗakin. Kada ki fara da hujjoji. Ki fara da tambayarsa me ya fi ba shi wahala a zagayen da suka wuce, ki kuma bari ya gama magana ko da ta yi tsawo. Watakila ki ji abin da ba ki zata ba: amai, ko tsoron allura, ko kunyar yadda mutane ke kallon kansa, ko tunanin cewa za ki gaji ki tafi idan aka ce ba zai haihu ba. Wannan na ƙarshen maza da yawa suna ɗauke da shi a zuci ba sa furtawa. Idan har gaskiyar zuciyarki ita ce kin zaɓe shi da ɗa ko ba ɗa, ki faɗa masa da bakinki, a fili, ba sau ɗaya ba. Ya ce saboda ke yake yi, don haka ke kaɗai ce za ki iya ce masa ba wannan sadaukarwar kike so ba. Idan kuma ke ma maganar haihuwar tana sosa miki rai, kada ki yi kamar ba komai. Ki ce tana damunki, amma rasa shi ya fi ta ciwo.

Sannan ki roƙe shi abu ɗaya tak, wanda ba zai yi masa nauyi ba: ya je asibiti ranar da aka sa masa, ya zauna da likita, ko da bai yarda a ɗaura masa ruwan ba. Ku rubuta tambayoyinku a takarda tun daga gida, don a gaban likita kai yakan ɗaure. Ku tambayi matakin da ciwon yake lokacin da aka gano shi, da abin da hoton jiki na tsakiyar magani ya nuna ko zai nuna. Wannan tambayar tana da muhimmanci, domin akwai majinyatan da ciwonsu yake matakin farko waɗanda ake ba su zagaye huɗu kawai, ko uku a bi da gashin haske, wato gasa wurin ciwon da hasken na'ura. Ban ce maigidanki yana cikinsu ba. Likitan da ya ga sakamakonsa ya ce shida, kuma da dalili ya faɗa. Amma rage magani bisa hoto da gwaji abu ne daban da ɗauke ƙafa daga asibiti. Ku kuma faɗi duk wahalar da yake sha ba tare da ragewa ba. Akwai magungunan hana amai masu ƙarfi da za a iya canzawa ko a ƙara, akwai allurar da ke taimaka wa ɓargo ya dawo da fararen ƙwayoyin jini da wuri, ana iya gyara adadin binkiristin, ɗaya daga cikin magungunan haɗin, idan yatsunsa sun fara mutuwa ko yana jin kamar ana tsira musu allura. Idan kuma kin ga baƙin cikin ya zauna masa, ba ya barci, ba ya son magana da kowa, ki faɗa, a haɗa shi da mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Sau da yawa mai cewa zai bar magani, sauƙin wahalar yake nema.

Mama kuma kada ki ɗauke ta abokiyar gaba. Uwa ce da ta ga ɗanta ya shiga asibiti da kumburi ɗaya ya fito ba gashi, ya rame, yana amai. A idonta ciwon ya tafi, maganin ne ya rage yana cin sa, kuma duk wanda bai san yadda abin yake ba haka zai gani. Ba ke ya kamata ki yi jayayya da ita ba, don daga bakinki za ta iya jin maganar a matsayin raini. Ki lallaɓa ta ta raka ku asibiti ta ji daga bakin likita, ta yi nata tambayoyin. Idan akwai wani cikin 'yan'uwansa da take jin maganarsa, ki fara fahimtar da shi. Ki kuma ba ta wani aiki a jinyar, kamar lura da shan ruwansa ko zama da shi ranar ƙarin ruwa. Mai hannu a cikin jinya ya fi saurin yarda da ita. Abu ɗaya ne ba za ki sassauta ba, cikin ladabi: duk wani jiƙo, ganye ko ƙwayar ƙarin ƙarfi da wani ya kawo, kada ya sha sai likita ya gani. Hanta ce ke sarrafa maganin nan, kuma wasu abubuwan suna rage masa ƙarfi, wasu suna ƙara masa dafi.

Ko ya koma ko bai koma ba, akwai abubuwan da dole ki sani a makonnin nan. Fararen ƙwayoyin jini sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye. Ki ajiye ma'aunin zafin jiki kusa. Idan zafinsa ya kai 38, ko yana rawar sanyi, ko ya rikice, ku tafi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne, kada ki ba shi maganin zazzaɓi ki ce a jira safiya. Ki kula da fitsarinsa ma. Doksorubisin, wato jan maganin nan da ake turawa a jijiya, yana mai da fitsari ja ko ruwan lemo na kwana ɗaya ko biyu, wannan ba komai ba ne. Amma ja da ya wuce haka, ko gudan jini, ko zafi wajen fitsari, yana iya zama saiklofosfamaid ne ya ƙona fatar mafitsara, sai a sanar da asibiti. Kariyarsa ita ce yawan shan ruwa a ranar magani da kwanakin da ke biye, da yin fitsari akai-akai ba tare da riƙewa ba, har da kafin kwanciya.

Ke ma ki samu mutum ɗaya da za ki riƙa sauke masa nauyin zuciyarki, 'yar'uwa ko aminiya mai riƙe sirri. Kina jinya, kina sasanta ɗa da uwa, kina kuma haɗiye naki tsoron game da haihuwa. Wannan ya yi wa mutum ɗaya yawa.

Idan bayan duk wannan ya ji bayanin likita ya ce har yanzu ba zai ci gaba ba, kada ki yi fushi ki rufe maganar, kada kuma ki yi masa barazanar tafiya. Ki nemi ya yarda a ci gaba da duba shi, a yi hoton, a sa masa ranar dawowa kusa. Ki riƙa lura da sabon kumburi a wuya, hammata ko matsematsi, da gumin dare, da zazzaɓin da ba a san dalilinsa ba, da rama. Mutane da yawa da suka ce sun bari suna komawa bayan 'yan kwanaki idan aka saurare su, kuma jinkirin kwanaki kaɗan abu ne da likita zai iya daidaitawa idan ya sani da wuri. Shi ya sa nake so kiran nan ya kasance yau ko gobe, ba ranar zagayen ba. Ki rubuto mini abin da likitan ya ce game da hoton.